Tiyon da Ba Ya Zuwa Ko'ina

Makanikin nan da ake kira Tsaf-tsaf, ba iyayensa ne suka raɗa masa wannan suna ba. 'Yan layin gareji ne suka laƙaba masa, don shi mutum ne da ba ya ƙaunar ganin abu a karkace. Sifanunsa a jere suke a jikin bango, daga babba har ƙaramarsu, kowace da ƙusarta. In ya gama aiki a mota sai ya bi wayoyi ya ɗaure su wuri guda, ya goge duk inda hannunsa ya taɓa. Mai walda da ke maƙwabtaka da shi yakan leƙo ya ce, "Tsaf-tsaf, in ka gama wanke wa injin fuska, ka zo ka karɓi kwalli ka sa masa." Shi kuwa sai ya yi murmushi ya ci gaba da gugarsa.

Matarsa ita ce autar gidansu, kowa Auta yake ce mata, har shi mijin. A kantin magani take aiki, can hayin gada. Mahaifinta kuwa, wanda duk suke kira Baba, tsohon direba ne, ya ja manyan motoci har bayansa ya gaji ya ajiye. Abin da ya rage masa na wancan zamanin wata tsohuwar mota ce koriya, mai zagayayyun fitilu, wadda ta girmi duk 'ya'yansa. Koriya yake ce mata, kamar sunan mutum. Yayyen Auta maza babu wanda bai roƙi a ba shi ya ɗan zaga da ita ba, babu kuma wanda ya samu. Auta ce kawai ba ta taɓa roƙo ba. Ita tun tana 'yar mitsitsiya take riƙe masa tsumma in yana duba mai, ita ke ɗauko masa buta in zai ƙara ruwa a lagireto. Ta iya duba ruwan mota tun ba ta iya ɗaura ɗankwali ba.

To, sai gwiwar Baba ta hagu ta ƙi. Ba ya iya taka kuloci sai ya cije leɓe. Rannan ya sa aka kira masa surukinsa. Su biyun nan, Allah ya sani suna son juna, amma ba sa iya haɗa ido. In za su yi magana sai kowa ya nemi abu na uku ya kalla. Ranar motar suka kalla.

"Injiniya," in ji Baba, haka yake kiransa, "tiyoyin Koriya sun tsufa, sun fara tsattsagewa. Ka sake mata su gaba ɗaya. In ta dawo, waccan yarinyar ta riƙa zuwa aiki da ita. Ta fi zaman banza a rumfa."

Auta tana bakin ƙofa da tire a hannu. Kofunan da ke kan tiren sai da suka yi ƙara.

Tsaf-tsaf ya kai mota gareji, ya ɗaga bonet, ya tsaya yana kallo. Shi ya fi sabawa da motocin yanzu, masu inji a rufe cikin roba, waɗanda sai an jona musu na'ura su faɗi ciwonsu. Wannan kuwa komai nata a fili, har ƙasa kana hangowa ta gefen inji. Ruwan mota yawo yake yi: famfo ya tura shi cikin inji ya kwashi zafi, ya fita ta tiyon sama zuwa lagireto ya huce, ya dawo ta tiyon ƙasa. A bakin tiyon sama akwai wata 'yar ƙofa da ake kira tamostat. In inji da sanyi a rufe take, sai ruwa mai zafi ya taɓa ta sannan ta buɗe. Duk wannan ya sani kamar sunansa.

Abin da ya tsaya masa a rai tiyo na uku ne. Wani ɗan siriri, baƙi, a lanƙwashe, ya kumbura a tsakiya, an ɗaure bakinsa ɗaya da waya. Ya fito daga bayan kan inji, ya bi gefe yana rarrafe, ya shiga famfo. Koriya dai ba ta da hita, abin nan da ke hura wa mutane iska mai ɗumi a cikin mota, haka aka ƙero ta. Amma injin yana da bakuna biyu inda ake jona hitar a motocin da ke da ita. Wani makaniki a da can ya ɗauki tiyo ya haɗa bakin nan da wancan.

"Ji wani aiki don Allah," ya ce wa mai walda. "Tiyo ya fito daga inji ya koma inji. Ina za shi?"

Mai walda ya ɗage gilashinsa ya leƙa. "Yawon shan iska. Kai ba ka zagaya gari ka dawo gida?"

Tsaf-tsaf ya sa wuƙa ya yanke tiyon ya wurga cikin durom ɗin tarkace. Ya nemo wasu ƙusoshin tagulla guda biyu masu zare, ya toshe bakunan da su, ya ɗaure tam. Ya sa sababbin tiyoyi sama da ƙasa, ya sa sabuwar tamostat, ya cika ruwa. Da rana tsaka ya tayar da ita ya bar ta tana aiki a hankali a inuwa, shi yana goge-goge. Allurar zafi ta hau sannu a hankali ta tsaya a tsakiya. Injin ya yi kyau ƙwarai, tagullar nan tana ƙyalli. Da ya mayar da mota har ya so Baba ya ce a buɗe ya gani, amma Baba ya ce, "Aikinka ai ba ya son dubawa."

Washegari da safe Auta ta je ɗaukar mota. Baba yana ciki bai fito ba tukuna. Ta ɗaga bonet, ta buɗe murfin lagireto, ta ga ruwa har wuya, ta rufe. Ta zauna a kujerar da ta yi shekaru tana kallo daga waje, ta tayar, ta fita a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Kafin gada akwai dogon hawa. Koriya ta kama hawan da ƙarfinta, tana tsakiya sai wani abu ya fara bugawa a gaba, ƙwas-ƙwas, kamar ana dukan tukunya da ludayi. Auta ta kalli allura, tana kwance a ƙasa. Kafin ta sami gefen da za ta tsaya, farin tururi ya rufe gilashi, mota ta yi tari ta mutu.

Masu shagunan wurin suka taya ta turawa gefe. Ta kira mijinta, shi kuma da ganin abin ya fi ƙarfin a ɓoye ya kira Baba. Kusan tare suka iso, Baba a tasi, yana ɗingishi da sandarsa. Mutane sun taru, kun san yadda tsohuwar mota ke jan ido. Da injin ya ɗan huce Baba ya sa tsumma ya murɗe murfin lagireto da kansa, ya leƙa. Wayam.

"Kin duba ruwa?"

"Na duba, Baba. A cike yake."

"Allura fa? Makauniya ce ke, ba ki ga ta hau ba?"

"Ba ta motsa ba, Baba. Wallahi ina kallonta."

Baba ya juyo gaba ɗaya.  "Ruwa a cike, allura ba ta motsa ba, mota kuma ta tafasa da kanta? Ki ɓata min abu, na haƙura, ƙarfe ne. Amma ki dubi idona ki yi min ƙarya? Maƙaryaciya na haifa ashe. Ba ni mabuɗin."

Ta miƙa masa da hannu biyu. Wurin ya yi tsit, har mai facin taya ya daina buga abin da yake bugawa. Tsaf-tsaf ya ji dole ya ce wani abu, don abin ya yi nauyi. Ya kalli tayar gaba ya ce, "Baba, a yi mata haƙuri. Sabon hannu ne, ɗoki ne ya sa ta manta."

Shi a ganinsa ya taimaka. Auta ta ɗago ta dube shi, kallo ɗaya, sannan ta ɗauki jakarta ta tare bas.

Da ya dawo gida da yamma ya tarar an ajiye masa abinci a rufe, Auta tana ninke kayan yara. Ya ce mata sannu. Ta ce, "Kai ma ɗoki ka ce, ko?" Daga nan ba ta ƙara ba. Ba faɗa, ba kuka. In ya tambayi abu ta ba shi, in ya yi sallama ta amsa. Gidan Baba kuwa ta ɗauke ƙafa. Yayyenta, su da ba a taɓa ba su mabuɗin ba, abin nema ya samu. Babban ya kira ta a waya yana dariya, har Tsaf-tsaf yana jiyowa daga inda yake zaune: "Auta mai dafa inji! An ce ya nuna, ko da saura?" Ta ce, "Da saura, Yaya," ta kashe.

Aka jawo Koriya gareji. Tsaf-tsaf ya kwance kan inji ya ɗora a teburi. Ya tsage, amma a can baya, wajen silinda ta ƙarshe, inda ƙarfen ya canza launi don azabar wuta. Gaban kuwa lafiya lau. Ya juya tamostat a hannunsa, sabuwa fil, kamar zafi bai taɓa ta ba. Sai ya lura da wani abu: ɗan ƙarfen da ke gaya wa allura zafin ruwa a gaba yake, dab da tamostat. In gaba bai yi zafi ba, allura ba za ta motsa ba.

 Ya sa ɗan yatsa a jikin famfo ya fara bin hanyar ruwa, kamar yadda yake yi in yana neman inda waya ta katse. Famfo ya tura, ruwa ya shiga inji, ya zo gaba, ƙofa a rufe don safiya ce, inji da sanyi. To sai ina? Ya mayar da yatsan baya, ya bi, ya bi, sai ya tsaya a kan wani abu mai santsi. Ƙusar tagulla.

Nan ya tsaya. Wannan tsohon inji ba shi da wata ɓoyayyar hanya a cikinsa kamar na yanzu. Mummunan tiyon nan shi ne hanyar da ruwa ke zagayawa kafin ƙofa ta buɗe, shi ke kawo zafin baya zuwa gaba har tamostat ta ji ta buɗe. Da ya toshe, sai ruwa ya tsaya cik. Ranar da ya gwada, rana ce, inji yana aiki a hankali, zafi ya sami lokacin rarrafowa gaba. Auta kuwa da sanyin safiya ta kama hawa. Baya ya tafasa gaba yana barci, tururi ya koro ruwan waje ta bututun ambaliya, ya zube a titi. Ta duba ruwa. Allura ba ta motsa ba. Duk abin da ta faɗa haka yake, kalma da kalma.

Kunya ta taso masa tun daga tafin ƙafa. Ya ji kunnuwansa sun yi zafi, ya waiga ko wani yana kallonsa, alhali ba wanda ya san me yatsansa ya taɓa. Ya je durom ɗin tarkace ya zura hannu har kafaɗa, cikin tsoffin filtoci da baƙin mai, yana lalube.

"A'a!" in ji mai walda. "Yau me zan gani? Tsaf-tsaf a bola? Zinariya ka yar?"

Ya zaro guntun tiyon, ya riƙe shi kamar mataccen maciji. 

Gaskiya dai a faɗe ta, abin da ya fara zuwa masa shi ne ya yi shiru. Ya samo wani kan inji a kasuwar tsofaffin kaya, aka goge shi, ya ɗaura, ya cire tagullar nan ya sa sabon ɗan tiyo a inda tsohon yake. Wa zai sani? Baba bai ga aikin farko ba. Mota za ta koma lafiya, a ce Injiniya ya yi ƙoƙari. Ya yi kwanaki yana yawo da wannan a cikinsa. Amma kullum da safe in zai fita sai ya wuce Auta a bakin titi tana jiran bas, jaka a ƙirji, ya ce ta zo ya rage mata hanya a babur, ta ce a'a, ya je kawai kada ya makara. Abinci ya daina shiga masa. Ƙusoshin tagullar suna aljihun rigarsa ta aiki, ya kasa yarwa, ya kasa ajiyewa.

Wata yamma bayan yara sun fita wasa, ya zauna a bakin gado ya fito da su ya ajiye a kan katifa.

"Auta, ni ne."

"Kai ne me?"

Ya yi mata bayani, yana kallon ƙasa. Famfo, ƙofa, tiyon da ya yanke. Ta saurara har ya gama, hannunta a kan rigar da take ninkewa.

"Tun yaushe ka sani?"

Ya faɗa mata. Ta gyaɗa kai a hankali.

"To ni kake gaya wa? Ni ai na san na duba ruwa, ba sai makaniki ya tabbatar min ba." Ta ɗauki ƙusa ɗaya ta juya ta. "Kyakkyawa kuwa. Kai dai ba ka sayen mummunan abu." Ta mayar masa a tafin hannu ta naɗe yatsunsa a kai. "Ka san gidan da za ka kai."

Ya je. Ya tarar da Baba a rumfar da babu mota, zaune a kujerar roba, ya miƙe ƙafar da ke ciwo. Suka gaisa, suka kalli tabon mai da ke ƙasa. Tsaf-tsaf ya durƙusa ya faɗi komai. Da ya gama sai ya ji Baba ya yi ajiyar zuciya.

"Allah ya yi maka albarka, Injiniya."

"Baba?"

"Ka cika ɗan halak. Mutum ya ɗauki laifin iyalinsa ya ɗora wa kansa, ba kowa ke yi ba. Na ji daɗi da na ba ka ita. Amma ni na ja mota tun ba a haife ka ba. Na buɗe lagireto da hannuna, na ga babu ruwa. Tashi, kada gwiwarka ta zama irin tawa."

"Wallahi Baba ba rufa mata nake ba."

"Kada ka yi rantsuwa a kan wannan, ɗana. Ka gaida yara."

Ya fito yana jin kamar an watsa masa ruwan wanki. Ya zo a zage shi, an sa masa albarka. Wannan ta fi ta farko ciwo. A hanya ya tsayar da babur a gefen titi ya zauna a kai yana kallon motoci. Baba ba zai yarda da baki ba. Abin da idonsa ya gani kawai yake yarda da shi. To sai dai a nuna masa.

Da safe ya riga kowa zuwa gareji. Ya cire sabon ɗan tiyon da ya sa, ya mayar da ƙusoshin tagulla, ya ɗaure. Ya san in ya yi sakaci kaɗan kan injin nan ma zai bi na farko. Ya aika tasi ta ɗauko Baba, ya ce a gaya masa mota ta tashi, ana so ya ji muryarta. Ita kuwa Auta, tun a gida ya roƙe ta ta biyo ta garejin kafin ta wuce aiki. Ta ce ba ta da lokaci. Amma da tasi ta tsaya sai ga ta ita ma ta sauko daga bas, ta tsaya can bakin ƙofa, ta gaida mahaifinta daga nesa. Ya amsa bai dube ta ba.

Layin gareji ya fara cika. Mai walda ya zo da kofin shayinsa, mai fenti ya leƙo, ga wani mutum mai farar mota ya kawo gyaran birki yana jira. Tsaf-tsaf ya so a ce ba kowa. Sai kuma ya tuna ranar hawan gada ma ba a kori kowa ba.

"Baba, ga buta. Don Allah kai za ka cika mata ruwa."

Baba ya dube shi da mamaki, amma ya karɓa. Ya zuba har ya kawo wuya, ya rufe murfin ya murɗa da ƙarfi.

"Yanzu ka zauna ka tayar, ka ba ta wuta kamar kana hawan tudu. Kada ka ɗauke ido daga allura."

Koriya ta tashi da bugu ɗaya. Baba ya taka mai da lafiyayyar ƙafarsa, inji ya ɗauki kuka, rufin kwanon garejin yana amsawa. Tsaf-tsaf ya tsaya a gefen inji, hannunsa ɗaya kusa da wayar da zai fizge in abin ya ɓaci. Aka ɗan jima.

"Maƙwabci, taɓa min tiyon sama."

Mai walda ya kama. "Sanyi ƙalau, kamar hancin kare."

"Baba, allura fa?"

"Tana ƙasa," in ji Baba daga ciki.

Tsaf-tsaf ya tsoma yatsu a buta ya yarfa ruwa a bayan kan inji. Ruwan ya yi cuuu ya ɓace nan take. Mutane suka matso. Sai bugun nan ya fara, ƙwas-ƙwas, daga can ciki. Auta da ke bakin ƙofa ta ɗaga kai, ta san muryar. Inji ya yi wata irin gyatsa, bututun ambaliya ya fara feso ruwa a ƙasa, da tururi, yana malala har ƙarƙashin takalman mutane.

"Baba, allura!"

 Kafin Tsaf-tsaf ya fizgi waya, Baba ya murɗe mabuɗi da kansa. Inji ya mutu. Ba abin da ake ji sai ɗigar ruwa da ƙarfe yana ƙas-ƙas yana hucewa.

Tsaf-tsaf ya nuna ƙusoshin da sukundireba, ya ɗaga murya yadda na bakin ƙofa ma za su ji. "Waɗannan ni na sa su. Akwai tiyo a nan, na ga bai yi min kyau ba na yanke. Shi ne hanyar ruwa. Ni na ƙona motar nan, ba ita ba. Kuma na tsaya a gaban mutane na ce ɗoki ne ya sa ta manta."

Mai fenti ya sosa ƙeya. Mai walda ya kurɓi shayi ya ce, "Ni dai tunda nake ban taɓa ganin wanda ya tara jama'a da sassafe don ya kama kansa ba." Wasu suka yi 'yar dariya, ta mutu da wuri. Mutumin nan mai farar mota ya duba agogonsa, ya ce ya tuna yana da wani uzuri, zai dawo. Ya shiga ya ja abarsa da birkinta mai ƙara. Kowa ya san ba zai dawo ba.

Baba bai fito ba. Yana zaune, hannu biyu a kan sitiyari, idonsa a kan allurar, wadda sai yanzu da komai ya wuce ta fara ɗagowa.

"Ba ta motsa ba," ya ce, ba da kowa yake ba.

"Haka na ce, Baba," in ji Auta.

Ba a zuba wa inji mai zafi ruwa, dole a jira. Wannan jiran shi ne mafi tsawo a rayuwar Tsaf-tsaf. Mai walda ya kawo benci, Baba ya zauna a wannan ƙarshen, Auta a wancan, tsakiya ba kowa. 'Yan kallo suka watse ɗaya bayan ɗaya.  Baba ya gyara hularsa. Ya tambayi mai walda ko har yanzu ana samun irin wayar walda ta zamanin da, mai walda ya ce ana samu amma ba ta da kyau. Tsohon nan da ake jin muryarsa daga farkon layi, yau ya rasa inda zai ajiye idonsa, sai sandarsa yake juyawa a tsakanin gwiwoyi.

Da ƙarfe ya huce Tsaf-tsaf ya kwance tagullar, ya mayar da ɗan tiyon, baƙi, a lanƙwashe, yana rarrafe a gefen inji. Ya ɗaure bakunansa biyu. Ya ɗauki buta zai zuba ruwa, sai ya ji an karɓe ta daga hannunsa. Auta ce. Ta naɗe hannun rigarta ta aiki, ta zuba a hankali, ta jira ya sauka, ta matsa tiyon sama iska ta fita, ta ƙara. Sannan ta tsaya da murfin a hannu.

"Baba, zo ka gani kafin in rufe."

Baba ya dafa sanda kamar zai tashi, sai ya fasa. Ya kalli ƙasa.

"Kin ce ya cika?"

"Ya cika."

"To rufe. Ba sai na gani ba."

Ta tsaya jim, sannan ta rufe. Baba ya miƙe da ƙyar, ya zagaya ta ɗaya gefen, ya buɗe ƙofar fasinja, abin da bai taɓa yi ba a motar nan, har sai da ya lalubi inda hannun ƙofar yake. Ya zauna ya jawo ƙafarsa ciki. "Kin makara aiki," ya ce wa gilashin gaba. "Ki sauke ni a hanya."

Auta ta shiga ta tayar. Suka jira, su duka, har allura ta tashi ta hau sannu a hankali ta tsaya a tsakiya. Tsaf-tsaf ya taɓa tiyon sama ya ji ɗumi, ya sauke bonet. Ya ja baya ya tsaya cikin ruwan da ya malale, bai san me zai yi da hannuwansa ba. Baba bai dube shi ba, shi ma bai dubi Baba ba, kuma wannan karon babu abu na uku da za su kalla.

Mota ta fara ja da baya. A bakin ƙofa ta tsaya, Auta ta sauke gilashi. Ya matso da sauri, yana jiran ko me za ta ce, ya san ya cancanta.

"Sukari ya ƙare a gida," ta ce. "In za ka dawo ka taho da shi."

"To," ya ce. "To. Wane iri?"

"Sukari iri nawa ne?"

Ta ɗaga gilashi, Koriya ta hau titi.